A Auna Ribar Hannun Jarin Mai Da Mudun Azare

A cikin shekarar 2025 shugabannin kamfanin mai na ƙasa, watau NNPC, suka ba da sanarwar cewa suna shirin sayar wa jama'a wani kaso na hannun jarin kamfanin, Alhaji Aliko Ɗangote kuma ya faɗi irin wannan niyya game da matatar mansa da ke Lekki. Labari irin wannan ba ya daɗewa bai shiga zaurukan 'yan Arewa mazauna Kudu ba. A Agege da Idi-Araba da Mile 12 cikin Ikko, a Sabo ta Badun, a Shagamu da Anacha da Fatakwal, akwai mutanen ƙasar Katagum masu yawa, wasu na fataucin shanu, wasu na albasa da tattasai, wasu na canji, wasu gadi, wasu kuma tuƙin tankar mai daga Apapa. Kowannensu yana tara ɗan abin da gumi ya ba shi, yana neman inda zai ajiye domin ranar komawa gida. Tambayar da irin waɗannan bayin Allah sukan yi wa dillali ita ce, nawa za a samu? Akwai wata tambayar da ta fi wannan nauyi, ba a kuwa cika yin ta ba: abin da za a samu ɗin, buhun gero nawa zai saya a kasuwar Azare ranar da aka tashi bukatarsa?

Hannun jari dai wani yanki ne na mallakar kamfani. Wanda ya saya ya zama ɗaya daga cikin masu kamfanin, gwargwadon abin da ya zuba. Ƙofa biyu ce samu yake shigo masa. Ta farko ita ce ribar shekara, wadda kamfani yakan raba wa masu hannun jari in ya ci riba, in kuma shugabanninsa sun ga dama, bayan gwamnati ta cire harajinta na kashi 10 cikin 100. Ta biyu ita ce tashin farashin hannun jarin kansa a kasuwa, watau mutum ya saya da arha ya sayar da tsada. Waɗannan biyu su ne dillali yake nunawa a takarda. Amma fa akwai na uku wanda ba a rubuta sunansa a takardar, shi ne hauhawar farashin kaya, wanda yake cin rabonsa dare da rana ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Sai an fitar masa da nasa kason tukuna, abin da ya saura shi ne ake kira riba.

Alal misali, a ɗauka wani mai sayar da albasa ya zuba naira 100,000 a farkon shekarar 2024. Da shekara ta ƙare hannun jarinsa ya kai naira 120,000, kamfani kuma ya ba shi ribar naira 5,000. A idonsa ya ci naira 25,000. To, amma Ofishin Ƙididdiga na Ƙasa ya ce a watan Disamba na wannan shekara tsadar kaya ta ƙaru da kashi 34.8 cikin 100 a kan ta Disambar 2023. Ma'ana, kayan da ya saya da naira 100,000 bara, bana sai ya ba da naira 134,800. Naira 125,000 ɗin da ke hannunsa ba za ta sayi abin da ya wuce kayan naira 92,700 na bara ba. Ashe ke nan mutumin nan faɗuwa ya yi ta fiye da naira 7,000, alhali kuwa yana ta karɓar barka. In tsadar kaya tana ƙaruwa da kashi 20 cikin 100 kowace shekara, farashi yakan ninka kafin shekara huɗu ta cika. In da kashi 30 ne, kafin shekara uku. Duk jarin da bai ninka cikin wannan wa'adi ba, raguwa yake yi.

Wannan lissafi ba baƙo ba ne a ƙasar Katagum. Kakannin mutanen wannan masarauta, wadda Malam Zaki ya kafa a zamanin jihadi, da wuri suke ciniki. Da Turawa suka hana shigo da wuri a 1904 suka cusa sulallansu, wanda ya binne tukunyar wuri ya wayi gari da tarkace. Fam da sule su ma suka yi zamaninsu, har naira ta karɓe su ranar 1 ga Janairu 1973. Tun daga wancan lokaci zuwa yau abin da bai sake ba shi ne mudu da tiya da buhu, da kuma ƙoshin da sa yake da shi. Malamai ma da za su faɗi nisabin zakka, da nauyin zinariya suke aunawa, shi ya sa adadinsa a naira yake sakewa daga wata zuwa wata. Manomin Gamawa ko na Shira ya san in ya ba da rancen buhu goma da kaka, buhu goma zai nema, ko nawa ake sayar da shi. Abin mamaki shi ne yadda mutum zai riƙe wannan hikima a gona, amma da ya shiga ofishin dillali a Ikko sai ya ajiye ta a bakin ƙofa tare da takalmansa.

Ba yau aka fara sayar wa 'yan Nijeriya hannun jarin kamfanonin mai ba. An kafa kasuwar hannun jari ta Ikko a 1960, ta fara aiki a 1961. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta yi dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa a 1972, ta Janar Olusegun Obasanjo kuma ta ƙarfafa ta a 1977, aka tilasta wa kamfanonin baƙi su sayar da wani kaso ga 'yan ƙasa. Ta haka ne hannun jarin kamfanonin dillancin mai irin su Total da Mobil da Texaco ya fara shiga hannun ma'aikata da 'yan kasuwa. Rabon Arewa a wancan karo bai taka kara ya karya ba, domin kasuwar tana Ikko, takardun da Turanci suke, bankunan da za su ba da rance kuma yawancinsu suna can. Da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa kwamitin sayar da kamfanonin gwamnati a 1988, ƙarƙashin marigayi Dokta Hamza Zayyad, an yi ƙoƙarin raba hannun jarin tsakanin jihohi, aka kuma sayar da na African Petroleum da National Oil da Unipetrol. Yanzu an sami shekaru masu yawa da za a iya waiwayawa a ga abin da ya sami kuɗin waɗanda suka saya.

Kafin a waiwaya, sai a fara gyara ma'auni. A shekarar 1981, zamanin Shugaba Shehu Shagari, mafi ƙanƙantar albashi naira 125 ne a wata, wanda a lokacin ya kai dalar Amurka 200. A watan Yuli na 2024 aka mayar da shi naira 70,000, watau ninki 560, amma a ƙarshen wannan shekara bai kai dala 50 ba. Saboda haka wanda ya sa albashin wata guda a hannun jari a 1981, ko da a 2024 jarinsa ya zama naira 70,000, bai kamo komai ba sai albashin da shi kansa ya rame. Haka kuma litar man fetur kwabo 15.3 ce a 1978, kwabo 20 a 1982, naira 11 a 1994, naira 97 a 2012, naira 145 a 2016. Bayan an janye tallafi a watan Mayu na 2023 ta yi tsalle, har ta haye naira 1,000 a ƙarshen 2024. Naira 100 ta 1978 tana sayen lita fiye da 650. Gaskiya ne man wancan zamani gwamnati ce take danne farashinsa, don haka wannan ma'auni yana da ɗan ƙari a ciki, amma ya isa ya nuna nisan tafiyar da naira ta yi.

Kasuwar hannun jari tana da nata ma'aunin, wanda yake tattara farashin kamfanonin da ke cikinta. An soma shi da lamba 100 a watan Janairu na 1984, ya rufe shekarar 2024 a kan fiye da 102,000. Ninki dubu cikin shekara 41 abu ne mai faranta rai in an ji shi daga nesa. To, a 1984 dala ɗaya ba ta kai kwabo 80 ba a farashin hukuma, a ƙarshen 2024 kuwa ta wuce naira 1,500, watau ninki wajen dubu biyu. Ko da an yi la'akari da cewa a kasuwar bayan fage dala ta fi haka tsada a 1984, abin da ya fito fili shi ne, yawancin tashin nan da ake gani faɗuwar naira ce ta sa rigar riba. Sai dai a lura, wannan ma'auni bai haɗa da ribar shekara-shekara da kamfanoni suka raba ba. A nan ne mai haƙuri ya sami abin da ya samu, za a kuwa dawo kan wannan magana.

Ba kuma a miƙe aka yi tafiyar ba. A watan Maris na 2008 ma'aunin ya haye 66,000, lokacin da kowa ya zama gwanin hannun jari, bankuna suna ba da rance a saya, wasu har da sayar da fili da shanu. Kafin shekara ta zagayo ya faɗo zuwa wajen 20,000. Bai sake taka inda ya taka a 2008 ba sai a watan Agusta na 2023, bayan shekara 15. Jaridu suka yi ta shelar cewa kasuwa ta kafa sabon tarihi. Abin da ba a faɗa da ƙarfi ba shi ne, a 2008 dala tana wajen naira 118, a Agustan 2023 kuwa ta wuce naira 750. Wanda ya jira shekara 15 don kuɗinsa su dawo, adadin ne ya dawo, ƙarfin kuɗin kuwa ya tafi ya bar shi.

Labarin kamfanin African Petroleum, wanda aka fi sani da AP, ya isa darasi. Asalinsa reshen dillancin mai ne na kamfanin BP na Ingila, wanda gwamnatin Obasanjo ta ƙwace a 1979 saboda rigimar mulkin wariyar launin fata a kudancin Afirka. Babu direban da ya bi hanyar Kano zuwa Maiduguri, ta Jama'are da Azare da Potiskum, bai san tambarinsa ba. A 2008 kamfanin ya fito da sabon hannun jari a kan naira 250 kowanne, jama'a suka yi rububi. Kasuwa ta rushe, aka sake masa suna zuwa Forte Oil a 2010, a 2012 kuma farashin ya faɗi ƙasa da naira 10. Daga nan ya sake tashi har ya wuce naira 300 a ƙarshen 2015, sa'an nan ya sake gangarowa. A 2019 Femi Otedola ya sayar da kasonsa, kamfanin ya zama Ardova. A 2023 sababbin masu shi suka saye hannun jarin ƙananan masu jari a kan abin da bai kai naira 18 ba kowanne, suka fitar da kamfanin daga kasuwa.

Naira 250 ta 2008 ta fi dala biyu. Naira 18 ta 2023 ba ta kai kashi 5 cikin 100 na dala ɗaya ba. Kamfanin ya ba da gyara na ƙarin hannun jari a wasu shekaru, ya kuma raba riba a wasu, amma duk in an haɗa ba su toshe ko gefen wannan rami ba. A duk tsawon wannan lokaci gidajen man suna nan a buɗe, motoci suna shan mai, tankoki suna hawa Arewa. Watau ganin ciniki yana gudana a gidan mai ba shi ne shaidar cewa mai hannun jari yana samu ba, hangen Dala ba shiga birni ba ne. Akwai kuma darasi na biyu: ƙaramin mai jari ba shi ke yanke ranar fita ba. In masu rinjaye suka ga dama suka janye kamfani daga kasuwa, kamar yadda aka yi wa tsohon Mobil, wanda ya zama 11 Plc aka kuma fitar da shi a 2021, to dole mutum ya karɓi farashin da aka yanka, ko ya zauna da takardar da samun mai sayenta sai an sha wuya.

Adalci ne a kawo labarin da ya fi wannan daɗi. Kamfanin Seplat, mai haƙar ɗanyen mai da iskar gas a yankin Neja Delta, ya shiga kasuwar Ikko da ta Landan rana ɗaya a watan Afrilu na 2014, a kan naira 576 a nan gida, fam 2.10 kuma a Ingila. A ƙarshen 2024 farashinsa a Ikko ya kai naira 5,700. Duk wanda ya ga wannan zai ce kuɗi sun ninka goma. Amma a Afrilun 2014 dala tana wajen naira 160, saboda haka naira 576 ta kama dala uku da rabi da 'yan kai. A ƙarshen 2024 kuwa naira 5,700 ba ta kai dala huɗu ba. Hannun jari ɗaya ne, kamfani ɗaya ne: mai kallo daga Ikko ya ga ninki goma, mai kallo daga Landan ya ga abu yana nan kusan inda aka bar shi. Ita dalar ma tsadar kaya a Amurka ta zaftare mata wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfinta a waɗannan shekaru goma.

Duk da haka wanda ya sayi Seplat bai yi asara ba. Ya tsira da uwar kuɗinsa daga faɗuwar naira, abin da mai ajiya a banki ko a ƙarƙashin katifa bai samu ba, ya kuma karɓi ribar da kamfanin yake lissafawa da dala a mafi yawan shekarun. A nan ne bambanci yake tsakanin kamfanonin da ake haɗawa a kira su da suna ɗaya. Mai haƙar ɗanyen mai yana sayarwa da dala, don haka in naira ta faɗi kuɗin shigarsa a naira sai su ƙaru. Mai dillancin fetur a gidajen mai da naira yake ciniki, kuma a da, shekara da shekaru, gwamnati ce ta riƙa yanka masa farashi da ribar da zai ci a kowace lita. Mai samar da wutar lantarki, irin su Geregu da ya shiga kasuwa a 2022 da Transcorp Power a 2024, shi ma da naira ake biyansa, kamfanonin wannan fanni kuwa sun sha kukan bashin da suke bin gwamnati. Wajibi ne mai saye ya san wane iri ne aka miƙo masa, da wane kuɗi yake ciniki, da wane kuɗi kuma ya ci bashi.

Kada kuma a ɗauka wannan cuta ta Nijeriya ce kaɗai. Kamfanin Enron na Amurka, wanda ake yi wa kirari da gwarzon makamashi, ya rushe a 2001, masu jarinsa suka tashi a tutar babu. BP ya dakatar da raba riba a 2010 bayan rijiyarsa ta fashe a tekun Meziko. A watan Afrilu na 2020, lokacin annobar korona, an yi ranar da farashin gangar mai a Amurka ya faɗi ƙasa da sifiri, a wannan wata ne kuma Shell ya rage ribar da yake rabawa, karo na farko tun Yaƙin Duniya na Biyu. Farashin mai ba a Ikko ake yanka shi ba, balle a Azare. Yaƙi a wata nahiya, ko shawarar ƙungiyar OPEC, ko fasa bututu a cikin fadamun Kudu, kowanne yana iya juya lissafin shekara guda cikin mako ɗaya.

A koma kan ribar shekara. Tun da an ga cewa tashin farashi sau da yawa biyan bashin tsadar kaya yake yi kawai, to ainihin samun mai dogon jari yana cikin ribar da ake rabawa, musamman in yana mayar da ita ya ƙara sayen wani hannun jarin. Abin baƙin ciki, wannan ita ce ribar da aka fi sakaci da ita. A 2023 hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari, watau SEC, ta ce ribar da masu ita ba su zo sun karɓa ba ta kai wajen naira biliyan 190. Dalilan sanannu ne. Mutum ya sayi hannun jari yana zaune a Obalende, ya ba da adireshin shagon maigidansa, daga baya ya koma Azare ko Zaki ko Giaɗe, takardun riba suna ta zuwa inda babu shi. Wani ya rubuta sunansa iri biyu. Wani ya rasu, takardar tana cikin adaka tare da takardun gona, magada suna ganin sunan Texaco ko Agip ko Unipetrol suna tsammanin kamfanin ya mutu. Alhali Texaco shi ne ya zama MRS, National Oil ya zama Conoil, Unipetrol da Agip kuma suka haɗu suka zama Oando a 2003.

Ribar da aka bari a ofishin masu rajista ba ta haihuwa, tsadar kaya kuwa tana cin ta kowace rana. Naira 1,000 da aka raba a 1995 aka karɓe ta yau, sunanta ne kawai ya rage. Bugu da ƙari, dokar kuɗi ta 2020 ta ba Gwamnatin Tarayya ikon kwashe duk ribar da ta shekara 6 ba a karɓa ba ta zuba a wani asusu na amana, tana amfani da ita a matsayin rance har mai ita ya bayyana. Haƙƙin bai faɗi ba, amma hanyar karɓarsa ta ƙara tsawo. Saboda haka duk mai tsohuwar takarda, ko tasa ko ta mahaifinsa, ya fito da ita ya kai wa dillali mai rajista da SEC, a shigar da ita a na'ura, a haɗa ta da asusun banki da lambar BVN yadda riba za ta riƙa faɗawa kai tsaye. In mai ita ya rasu, sai magada su nemi takardar izinin gado daga kotu. Wannan dukiya ce ta marayu da zawarawa, barinta ta narke ba ƙaramin alhaki ba ne.

Wani zai ce, in haka ne gara a tsaya ga abin da aka gada, a sayi sa ko fili ko a tara hatsi. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, domin waɗannan abubuwa farashinsu yakan bi tsadar kaya. Amma su ma da nasu ciwon. Dattawan Katagum ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba, ko annobar bushiya da ta karkashe shanu a 1983. Hatsi yana da ƙwari, gonar fadama tana da ambaliyar kogin Jama'are, fili yana da rigimar iyaka da ta takarda, sa kuma yana ci kullum, ga ɓarayi. Babu wata ajiya da ba ta da haɗari. Wadda dai faɗuwarta ta tabbata tun kafin a fara ita ce tsabar naira da aka ƙulle aka ajiye. Abin da hankali zai karɓa shi ne a rarraba, a kuma auna kowanne da mudu ɗaya: bayan shekara biyar ko goma, wanne ne ya fi sayen hatsi, bayan an cire ɗawainiyarsa?

Akwai wani abu kuma da ke iya jan zuciyar mutumin Jihar Bauci musamman. Marigayi Dokta Maikanti Baru, ɗan Jama'are, wanda ya shugabanci NNPC daga 2016 zuwa 2019, shi ne ya matsa aka haƙa rijiyar Kolmani a iyakar Bauci da Gombe, aka kuma ba da sanarwar samun mai a 2019. Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin a watan Nuwamba na 2022. Abin alfahari ne, kuma babu laifi ɗan jiha ya so ya mallaki wani yanki na arzikin da ke ƙarƙashin ƙasarsu. Amma kishin gida daban, lissafi daban. Samun mai a ƙasa mataki ne na farko cikin matakai masu yawa kafin kwabo ya shiga aljihun mai hannun jari. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Don haka ga abin da ya kamata mai niyyar saye ya riƙe. Na farko, ranar da ya saya ya rubuta a bayan takardarsa farashin buhun gero da na matsakaicin sa a kasuwar Azare, da na dala a wannan rana, ya riƙa gwadawa duk shekara. Na biyu, ya tambayi tarihin ribar da kamfanin ya raba cikin shekara goma da suka wuce, da yawan bashin da ke kansa. Na uku, kada ya ci bashi don ya saya, kada ya sayar da gona, kada ya taɓa kuɗin makarantar yara ko jarin sana'arsa, domin mutanen 2008 ta nan aka kama su. Na huɗu, kada ya zuba duka a kamfani ɗaya komai girman sunan mai shi. Na biyar, ya guji lokacin rububi, sa'ad da kowa ke saye farashi ya riga ya yi nisa. Na shida, duk wanda ya yi masa alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda ya san ba hannun jari yake sayarwa ba. Waɗanda MMM ta cinye a 2016 da waɗanda CBEX ta cinye a 2025 sun isa abin wa'azi, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Mai son ya tabbata cewa kamfani ya dace da shari'a kuwa, tun 2012 kasuwar take da jerin kamfanonin da aka tace don wannan bukata.

Hukumomi su ma da nasu nauyin. Ya kamata SEC ta wajabta wa duk kamfanin da zai sayar wa jama'a hannun jari ya fitar da taƙaitaccen bayaninsa da Hausa da sauran manyan harsunan ƙasa, a boko da ajami, a kuma karanta shi a rediyo. Ya kamata a tilasta wa dillalai, duk inda suka nuna ribar shekarun baya, su nuna tsadar kaya ta waɗannan shekaru a gefenta. Gwamnatin Jihar Bauci kuma ta nemi masu rajistar kamfanoni su zo Azare, wadda take hedikwatar masarauta tun 1916 kuma cibiyar kasuwancin arewacin jihar, su zauna na 'yan kwanaki su tantance tsofaffin takardu, maimakon a ce tsohuwa ta bi mota har Ikko saboda ribar da ba ta kai kuɗin motar ba. Fadar Katagum da hakimanta suna da bakin da jama'a ke ji, haka nan sarakunan Hausawa na Agege da Sabo da Shagamu da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa. In suka yi shela guda, takardu da yawa za su fito daga adaka.

A 1972 da 1977 an raba dukiya mai yawa, Arewa ta zo a makare saboda rashin sani. A 2008 an zo da wuri, amma an zo da kwaɗayi babu lissafi. In aka sake buɗe wata ƙofar, bai kamata a ƙi shiga ba, bai kuma kamata a shiga ido rufe ba. Mutumin da ya bar iyalinsa a Azare ko Gadau ko Madara ya je yana kwana a rumfa a Mile 12, ba don ya tara lambobi a takarda ya je ba. Ya je ne don ranar da ƙarfi ya ƙare a sami hatsi a rumbu, a aurar da 'ya, a yi rufin ɗaki. Da waɗannan za a auna jarinsa, da su kuma ya kamata shi ma ya auna tun yau. Allah ya sa albarka a nema, ya kuma mai da kowa gida lafiya.